Mu masu zane za mu shiga makarantu: mu zagaya da yawa ko mu zauna a ɗaya?

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman makaranta da iyaye da duk wanda ya taɓa koyar da yara aikin hannu. Mu shida ne muka haɗa kai: biyu masu zane da fenti, ɗaya maginiya mai aikin yumɓu, ɗaya mai sassaƙa, ɗaya mai rini da buga zane a ƙyalle, sai mai ɗaukar hoto. Niyyarmu mu riƙa shiga makarantun firamare da ƙananan sakandare muna zama da yara suna yin abu da hannunsu, domin a makarantu da yawa darasin zane yana cikin jadawali amma babu mai koyar da shi, ko kuma a allo kawai ake yin sa.

Ga inda muka rabu. Uku daga cikinmu suna ganin mu zagaya makarantu da yawa, kowace mu ba ta yini ɗaya, don abin ya kai ga yara masu yawa. Mu ukun da muka rage muna ganin mu zaɓi makaranta ɗaya ko biyu, mu riƙa komawa kowane mako har zangon karatu ya ƙare. Ni ina cikin masu son a zauna, amma hujjar abokaina ma tana da ƙarfi, kuma ba na son wannan ya raba mu tun ba mu fara ba. Me kuka gani?

Uwar_Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri. Ni dai ku zagaya. Akwai yaran da za su gama firamare ba su taɓa tsoma burushi a fenti ba. Idan kun zauna a makaranta ɗaya, su sauran laifin me suka yi?

Malamar_Aji_Huɗu:
Hajiya Uwar_Yara, na fahimci tausayin da ke cikin maganarki, amma bari in faɗa miki yadda yinin nan ɗaya yake daga cikin aji. Baƙi za su zo da kaya masu kyau, yara su yi ta murna, a ɓata riguna, a ɗauki hotuna, a tafi. Washegari yara za su tambaye ni yaushe za su dawo, ni kuma ba ni da amsa, ba ni da fenti, ba a kuma nuna min yadda zan ci gaba ba. Bayan mako biyu sai labari.

Sannan ku duba lissafin lokaci. Darasi ɗaya bai cika wuce minti 40 ba. Kafin a jera tebura, a raba takarda da ruwa, minti 10 sun tafi. Wanke burushi da goge tebur su ci wasu 10. Abin da ya rage wa yaro minti 20 ne, kuma a ranar farko rabin yaran kallon baƙon suke yi, ba takardar ba. Akwai irin yaron da zai zauna da farar takarda a gabansa ya dafe ta da hannu biyu, yana leƙen na kusa da shi, ba zai ja layi ko ɗaya ba don tsoron kada ya ɓata. Irin wannan sai a zuwa na uku ko na huɗu yake sakin jiki, kuma sau da yawa shi ne yake fito da abin da zai ba ka mamaki. Idan yini ɗaya kuka zo, ba za ku taɓa haɗuwa da shi ba, ko da yana zaune a gabanku.

Gawayi_da_Alli:
Malama, ban ƙi ta taki ba, amma kada mu raina gani ɗaya. Ku tambayi masu zane da yawa yadda suka fara, za ku ji wani ya ce wata rana ce ya ga babban mutum yana zana fuskar wani da gawayi, daga nan abin ya shiga ransa. Yaron da bai taɓa sanin cewa zane sana'a ce da babba yake ci da iyalinsa da ita ba, ganin ku kaɗai darasi ne. A ƙasar Norway tun 2001 suke da shirin da ake kai ƙwararrun masu fasaha makarantun ƙasar baki ɗaya, masu zane da makaɗa da marubuta da masu wasan kwaikwayo, kuma yawancinsa ziyara ce, a zo a yi a wuce wata makarantar.

Mai_Bin_Tarihi:
Gaskiya ne batun Norway, amma a cika maganar. Shirin gwamnati ne, ana biyan masu fasahar, kuma ziyarar tana maimaituwa, yaro yana samunta shekara bayan shekara har ya gama makaranta. Ka ga ba gani ɗaya ba ne ke nan. Mutum shida ba su da wannan ƙarfin. Wanda ya fi kama da abin da Mai_Burushi yake so shi ne wanda aka yi a Ingila daga 2002 zuwa 2011, inda ake haɗa mai fasaha da makaranta su daɗe suna aiki tare da malaman aji. Shi kuma da gwamnati ta janye kuɗi sai ya tsaya. Kowane ɓangare akwai abin lura.

Maginiya:
Ni ce mai yumɓun da Yaya Mai_Burushi ya ambata, kuma ni sana'ata ce ta yanke min hukunci, ba ra'ayi ba. Yumɓu ba ya yarda da yini ɗaya. Yau yaro zai gina, a rufe da leda a bar shi ya sha iska a hankali a inuwa. Idan ya ɗan yi tauri a dawo a kankare, a yi masa ado da tsinke. Sannan a bar shi ya bushe ƙarau, wanda kan ɗauki mako ɗaya ko fiye, ya danganta da kaurinsa da yanayin iska. Idan aka yi gaggawar toya shi da sauran danshi a ciki, ruwan zai zama tururi da zarar zafi ya kai digiri 100, ya fasa abin, har ya lalata na kusa da shi. Toyin kansa yana kaiwa wajen digiri 1000 idan a tanderu ne.

To a yini ɗaya me zan yi? In bar wa yara ɗanyen gini ya tsattsage a bakin taga, hannun kofin ya faɗi don ba a koya musu karce wurin haɗi da shafa masa kwaɓaɓɓen yumɓu ba? Abin da na fi so yaro ya gani shi ne ranar da zan dawo masa da abinsa ya toyu, ya ƙwanƙwasa da farce ya ji yana ƙara. Wannan ranar ce take sa ya yarda cewa hannunsa ya iya wani abu.

Baban_Tagwaye:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Ɗaya daga cikin yarana yana da asma. Ƙurar yumɓu da warin fenti ba za su tayar masa ba? Idan aka aiko min da takardar neman izini, wannan zan fara tambaya.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Baban_Tagwaye, tambayarka tana kan hanya, kuma ina roƙon masu shirin su ɗauke ta da muhimmanci. Ɗanyen yumɓu ba shi da matsala, busasshen ne yake tayar da ƙura mai laushi da ba ta da kyau ga huhu. Kada a share aji da tsintsiya bayan aikin yumɓu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Fenti kuma na ruwa kaɗai za a kai wa yara. Fentin mai, da man da ake tsinka shi da shi, da fentin feshi, duk a bar su a gida. Kada kuma a karɓi ragowar fentin gini ko na ƙarfe a matsayin gudummawa, domin wasu suna ɗauke da dalma, kuma gubar dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ga shi yara ba sa rabuwa da kai hannu baki. A buɗe tagogi, a tanadi ruwa da sabulu kafin a fara, a kuma tambayi malamar aji tun farko ko akwai mai asma ko mai ƙaiƙayin fata.

Maginiya:
Na gode Anti. Tsumma da bokiti suna cikin kayana kullum. Baban_Tagwaye, in dai ɗanye ne yaronka zai taɓa, a zaunar da shi kusa da taga, kuma ya fita kafin a fara gyaran aji.

Tsohon_Hedimasta:
'Ya'yana, ku bari in sa baki. Kafin a yi gardamar sau nawa za a je, a fara sanin me za a koyar. Na ga masu zuwa su raba takarda su ce wa yara kowa ya zana abin da ransa yake so. Wannan ba koyarwa ba ce. A zamaninmu malami zai zana tulu a allo, kowa ya kwaikwaya, a duba a gyara masa. Ta haka hannu yake faɗawa. Yaron da bai iya jan miƙaƙƙen layi ba, ta ina zai fito da abin da ke ransa?

Gawayi_da_Alli:
Baba, da girmamawa, kwaikwayon allo shi ne ya kashe wa yara da yawa sha'awar zane. Yara 50 su zana tulu iri ɗaya, wanda nasa ya fi kama da na malam shi ne gwani, sauran su tafi da cewa ba su iya ba. Tun 1897 wani malami a birnin Vienna, Franz Cižek, ya buɗe ajin zane na yara inda ya hana kwaikwayo, ya bar su su zana daga abin da suka sani, kuma ayyukan yaran nan har ƙasashen waje aka riƙa kai su ana nunawa.

Tsohon_Hedimasta:
Na ji. Amma kai da kake magana, wa ya koya maka riƙe gawayi? Ba kallon hannun wani ka yi ba?

Mai_Rini:
Ina ganin Baba da Gawayi kowa ya riƙe rabin gaskiya. Akwai bambanci tsakanin koya wa yaro dabara da zaɓa masa abin da zai zana. Dabara dole a nuna: yadda ake riƙe burushi, yadda ake wanke shi kafin a canza launi, yadda shuɗi da rawaya suke ba da kore, ja da shuɗi su ba da shunayya. Wannan ba ya zuwa da kansa. Amma maimakon malami ya zana tulu a allo, a kawo tulun na gaske a ajiye a tsakiyar aji. Wanda yake zaune ta gabas ba abin da na yamma yake gani zai gani ba, haske ma ba wuri ɗaya yake faɗa musu ba. Sai ka samu zane 50 mabambanta, kuma kowanne daidai ne. Abin da ake koyarwa a nan kallo ne, hannu kuma yana biyo baya.

Ni a wajen buga zane, ganye nake sa su tsinto. A shafa wa bayan ganyen fenti, a kifa a takarda, a danna da tafin hannu, a ɗaga a hankali. Duk jijiyoyin ganyen za su fito. Yaron da ya ce bai iya zane ba ma zai samu abu mai kyau a bugun farko, daga nan sai mu shiga maganar jerawa da maimaitawa.

Malamar_Aji_Huɗu:
Ƙari a kan maganar Mai_Rini, shekarun yaro ma abin dubawa ne. Viktor Lowenfeld, wanda ya yi nazarin zanen yara, ya kasa shi mataki-mataki tun 1947: ƙananan suna farawa da zirge-zirgen layi, sai su koma yin mutum da da'ira da ƙafafu biyu, sai wajen shekara 7 zuwa 9 kowa ya samu tsayayyen salon da yake maimaitawa, gida da bishiya da rana a kusurwa. Daga wajen shekara 9 zuwa 12 ne ido yake fara riga hannu, yaro ya ga zanensa bai yi kama da abin ba, ya ji kunya ya daina. Waɗannan su ne suke buƙatar irin koyarwar da Baba yake nufi, a nuna musu yadda ake auna tsawo da fensir, yadda ake sa inuwa. Ɗan shekara 5 kuwa a bar shi ya yi ta yi, kada a gyara masa.

Tsohon_Hedimasta:
To wannan na yarda da shi. Allah ya yi miki albarka.

Mai_Burushi:
Ina biye da ku, kuma ina rubutawa. Tunda an taɓo kuɗi a sama, bari in faɗi ɗaya matsalar. Mun yi niyyar farawa kyauta. Amma idan kowane mako ne, mutum zai bar aikinsa rabin yini, ga kuɗin mota, ga takarda da fenti. Masu son zagayawa suna cewa yini ɗaya a wata kowa zai iya ɗauka, amma kowane mako sai mai hali.

Mai_Sassaƙa:
Ni ne nake faɗin haka a cikinmu, kuma ina nan a kan bakana. Ina da iyali, da hannuna nake ci. Ba na son mu yi wa yara alkawarin zango guda mu ɓace a mako na biyar don aljihu ya gaza. Gara mu yi alkawarin abin da za mu iya cikawa. Yaro ba ya manta wanda ya ce zai dawo bai dawo ba.

Akanta_Mace:
Malam Mai_Sassaƙa ya faɗi abin da yake rusa yawancin irin wannan haɗin gwiwa. Ba rashin niyya ba ne, gajiya ce. Shawarata ku raba abu biyu tun yanzu: kuɗin kaya da ladan aiki. Ko da za ku yafe ladan aikinku a zangon farko, kayan aiki kada su fito daga aljihunku. Makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki wannan, domin abin da mutum ya sa hannunsa a ciki ya fi kula da shi. Ku buɗe littafi, ku naɗa mutum ɗaya ma'aji, wani daban ya riƙa duba littafin, duk abin da ya shigo ko ya fita a rubuta. Ku kuma rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da shugaban makaranta: wace rana, wane aji, ƙarfe nawa, wa zai kawo ruwa, ina za a ajiye kaya, wa yake riƙe da makulli.

Kuma ku shida ne. Ba dole kowa ya je kowane mako ba. Idan mutum biyu suke zuwa a kowane zama, kowannenku sau ɗaya zai fita a mako uku. Yaran suna ganin ƙungiyar kowane mako, ku kuma nauyin bai danne kowa ba.

Mai_Sassaƙa:
Wannan lissafin ya fi sauƙi, ban musa ba. Sai dai idan fuska tana canzawa kowane mako, ina sabon da Malama take magana a kai? Yaron nan mai dafe takarda zai saba da wa?

Akanta_Mace:
Sai a samu mutum ɗaya tsayayye, sauran su riƙa karɓa-karɓa. Shi kuma tsayayyen shi ya kamata a fara nema wa lada.

Ɗan_Kwaleji:
Ni ban ga dalilin yin sa kyauta ba sam. Ba a kiran mai gyaran wuta makaranta a ce ya yi don Allah. Duk lokacin da mai zane ya yi aiki kyauta, yana koya wa mutane cewa aikinsa ba shi da daraja, kuma na bayansa ne zai sha wahalar.

Uwar_Yara:
Ƙanena, makarantun da za su iya biya su ne waɗanda dama suna da malamin zane. Idan aka ce sai da kuɗi, an sake barin 'ya'yan talakawa a baya ke nan.

Mai_Bin_Tarihi:
Akwai wani misali da ya ratsa tsakanin maganganunku biyu. A wata makarantar firamare da ke Caol a Scotland, a 1994, yara suka mayar da wani ɗaki wurin zanensu, ana kiransa Room 13. Yaran ne suke tafiyar da shi, suna da shugabanninsu a cikinsu, su nemo kuɗi, su sayi kaya, su kuma biya mai zanen da yake zaune tare da su. Daga baya wasu makarantu a ƙasashe daban-daban suka ɗauki tsarin. A Reggio Emilia ta Italiya ma, makarantun ƙananan yara da Loris Malaguzzi ya jagoranta suna da ɗakin fasaha da ma'aikacin da aikinsa ke nan, yana cikin ma'aikatan makaranta kamar kowa. Abin da na lura da shi a duka biyun, akwai ɗaki. Wurin da za a bar aikin da ba a gama ba a dawo a same shi. Ko kusurwar aji ce da kabad mai makulli, ku nemi wannan kafin komai.

Malam_Lissafi:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Idan kuna son shugaban makaranta ya ba ku lokaci mai kyau, ba ragowar awar da yara suka gaji ba, ku nuna masa inda aikinku ya haɗu da manhaja. Da kamfas da rula kaɗai, yaro zai zana da'ira, ya sa tsinin kamfas a gefenta ba tare da ya canza buɗinsa ba, ya zagaya, sai ya ga ya raba ta gida shida daidai. Daga nan fure mai ganye shida ya fito, siffa mai gefe shida ta fito, tauraro ya fito. Abin da nake fama in fahimtar da su a allo ke nan, ga shi sun gano da hannunsu suna kuma shafa masa launi. Ku zauna da malaman aji kafin zango ya fara, ku tambaye su me za su koyar.

Mai_Rini:
Malam, ina son wannan, zan ma gwada shi a ƙyalle. Amma ina tsoron kada zane ya zama bawan sauran darussa, a ce ba shi da amfani sai ya taimaki lissafi. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta ambaci haƙƙin yaro na wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha. Haƙƙi ne da kansa, ba sai ya ƙara wa kowa maki ba.

Malam_Lissafi:
Ban ce bawa ba, 'yar uwa. Ƙofar shiga nake nuna muku.

Mai_Kula_da_Yara:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya fi duk waɗannan. Baƙi ne za su shiga cikin yara. Komai kyawun niyyarku, ku kafa doka a kanku tun kafin makaranta ta kafa muku: malamin aji yana cikin ɗaki daga farko har ƙarshe, babu wanda zai keɓe da yaro, babu karɓar lambar wayar yaro, babu cewa ka zo shagona in ƙara koya maka sai da sanin iyaye da makaranta. Duk wanda zai shigo ƙungiyarku daga baya a san shi, a san inda ya fito. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce gare ku.

Hoto kuma, tunda kuna da mai ɗauka: kada a sa fuskar yaro a Facebook ko wani dandali ba da izinin iyayensa a rubuce ba. A ɗauki hannuwa da aikin, ya wadatar. Aikin kuma na yaron ne. Idan za a baje kolinsa ko a buga shi a kalanda, a tambaye shi.

Mai sassaƙa kuma, wuƙa da kurfi ba na 'yan firamare ba ne. A ba su sabulun wanki na sanda da cokalin roba ko tsinke su sassaƙa, dabarar ɗaya ce.

Mai_Sassaƙa:
Haka nake yi da nawa yaran a gida. Ƙarfe sai 'yan sakandare, su ma kaɗan-kaɗan, ina tsaye a kansu.

Malamar_Aji_Huɗu:
Zaman malami a ɗaki yana da wata fa'idar bayan tsaro. Ku ba shi takarda shi ma ya zauna ya yi. Yawancinmu ba a koya mana wannan a kwalejin horon malamai yadda ya kamata ba, kunya ce take hana mu koyarwa. Malamar da ta yi zango guda tana haɗa launi tare da ku, bayan kun tafi za ta ci gaba da ajin bana da na baɗi. Uwar_Yara, kin ga ta nan ne abin zai kai ga yaran da kike tausayi.

Uwar_Yara:
Idan malaman za su ci gaba, to. Amma na ga inda aka horar da malamai aka tafi, kayan suka ƙare, shi ke nan. Kuma malamar makarantar da ba a zaɓa ba fa, wa zai koya mata?

Gawayi_da_Alli:
Shi ya sa nake cewa a rage dogaro da kayan saye. Gawayi, kwalayen da aka zubar, tsofaffin jaridu, jar ƙasa da farar ƙasa a tace a kwaɓa da ɗan gam, duk suna aiki. Idan darasin ya tsaya a kan fentin kwalba, ranar da kwalba ta ƙare darasi ya ƙare.

Baban_Tagwaye:
Za ku yi gasa a ƙarshe? Yara suna son kyauta.

Mai_Rini:
Ni ba na goyon bayan gasa a nan. Mutum uku su ci, sauran su koma gida da tabbacin abin da dama suke zargi, cewa ba su iya ba. A yi baje koli, a rataye aikin kowa da sunansa, a gayyaci iyaye. Kuma a lura, akwai yaran da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, an fi samun haka a maza, gado ne. Irin wannan yaron zai shafa wa ganye launin ƙasa a yi masa dariya, alhali shi abin da ya gani ya yi. A rubuta sunan launi a jikin kowane gwangwani. Bahago ma a nema masa almakashin da ya dace da hannunsa, a zaunar da shi inda gwiwar hannunsa ba za ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa ba.

Ɗan_Kwaleji:
Idan baje koli za ku yi, UNESCO ta ware mako na huɗu na watan Mayu a matsayin makon ilimin fasaha na duniya tun 2011. Kuna iya ɗora shi a kai, zai fi sauƙin jawo hankalin hukumar ilimi da masu tallafi.

Mai_Burushi:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga abin da zan kai wa abokaina: makaranta ɗaya, aji biyu, kowane mako har ƙarshen zango, mutum ɗaya tsayayye sauran suna karɓa-karɓa kamar yadda Akanta ta ce. Sannan sau ɗaya a wata mu kai ziyarar yini ɗaya wata makarantar, da aikin da ake gamawa a zama ɗaya, irin bugun ganye da zanen gawayi. Yumɓu ya tsaya a inda muke zaune.

Mai_Sassaƙa:
Yaya, wannan ai ka haɗa nauyin biyu ne ka ɗora mana. Ni ina ganin a zangon farko a ɗauki ɗaya kawai, a ga yadda ƙarfinmu yake. Za mu yi magana idan mun haɗu.

Tsohon_Hedimasta:
Duk wanda kuka zaɓa, ku je wurin shugaban makaranta kafin a fitar da jadawalin sabon zango, ba bayan an fitar ba. Kuma ku nemi darasi biyu a jere, minti 40 ba za su ishe ku ba.

Uwar_Yara:
To wace makarantar za ku zaɓa, kuma da wane ma'auni? Wadda shugabanta ya fi maraba da ku, ko wadda yaranta suka fi rashi? Don ba lallai su zama ɗaya ba.